Yadda Ake Koyon Sayen Hannun Jari Daga Littattafai: Wanda Za Ka Fara da Shi da Wanda Za Ka Bari Sai Gaba

Duk lokacin da kasuwar hannayen jari ta Legas ta yi sama, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane littafi ya kamata mutum ya karanta. Yawanci mai tambayar ya riga ya tara littattafai fiye da ashirin a wayarsa, ya leƙa uku, bai sauke ko ɗaya ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san malam ba ya ɗora wa ɗalibi Risala alhali bai sauke Ahalari da Ishmawi ba, kuma ba a ƙara masa karatu sai ya biya na jiya. Da wannan tsarin nake koyar da masu farawa. Littattafai shida sun wadatar, matuƙar an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka gama an gwada abin da ya faɗa a kan kamfani na gaske da ke kasuwarmu.

Kayan da za ka tanada

Littattafan su ne The Richest Man in Babylon na George Clason, The Psychology of Money na Morgan Housel, An Introduction to Islamic Finance na Mufti Muhammad Taqi Usmani, One Up on Wall Street na Peter Lynch, The Intelligent Investor na Benjamin Graham, da The Little Book of Common Sense Investing na John Bogle. Kada ka saye su a rana ɗaya. Sayi na gaba in ka kusa gama na hannunka.

Sai littafin rubutu mai kauri, mai bangon kwali, wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai wannan karatun. Sai biro da kalkuleta, ta waya ma ta isa. Sai rahoton shekara na kamfani ɗaya da ka san kayansa, misali Dangote Cement, BUA Foods, NASCON mai gishiri, MTN Nigeria, ko Northern Nigeria Flour Mills da ke Kano. Kyauta ake sauke waɗannan rahotanni a shafin intanet na kamfanin ko na NGX, wato kasuwar hannayen jari ta Najeriya. Sai minti talatin zuwa arba'in a kullum, a lokacin da kai bai gaji ba. Bayan asuba ya fi bayan isha'i nesa ba kusa ba.

Gargaɗi kan bugu: littattafan da ake talla a kan titi da rahusa galibi bugun sata ne. Bayan haƙƙin marubuci da ke kansu, sukan zo da shafuka a ɓace ko teburan lissafi da tawada ta cinye, kuma a littafin Graham teburan nan su ne rabin karatun. In kuɗi ya yi kaɗan, ku haɗu ku uku ko huɗu kowa ya sayi ɗaya na asali ku riƙa musanyawa. In Turancinka bai yi ƙarfi ba, akwai fassarar Clason da Housel da Graham da Larabci da kuma Faransanci. In duka ukun da wuya, nemi wanda ya iya ku zauna sau biyu a mako, ya karanta ya fassara, kai kuma ka riƙe biro da lissafi. Na ga 'yan kasuwa da ba su wuce firamare ba sun fi mai fassarar gane abin da ake nufi, don su sun san bashi da jari a aikace.

Mataki na 1: Fara da aljihunka da halinka

Clason ya fitar da littafinsa a 1926. Ƙarami ne, labarai ne da aka gina a tsohuwar Babila, za ka gama shi cikin mako guda. Abin da za ka ɗauka daga ciki bai wuce biyu ba: ware kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya shigo hannunka kafin ka kashe ko kwabo, kuma kada ka ba da ajiyarka ga wanda bai san harkar da zai sa ta ba. Ka lura akwai wuraren da yake yabon ba da rance da ruwa. Wannan ka tsallake shi, tarbiyyar adana kuɗi muka zo ɗauka.

Daga nan sai Housel, wanda ya fito a 2020. Babi-babinsa gajeru ne, kuma babu lissafi mai wuya. A gabatarwarsa ya kawo labarin Ronald Read, wani mai shara da aikin gidan mai a jihar Vermont ta Amurka, wanda ya rasu a 2014 ya bar kusan dala miliyan 8, yawancinta daga hannayen jarin da ya riƙa saye a hankali ya ƙi sayarwa tsawon shekaru masu yawa. Duk littafin yana zagaye ne a kan cewa halin mutum da kuɗi ya fi iliminsa tasiri a kan sakamakonsa.

Aikin wannan mataki: a shafin farko na littafin rubutunka, rubuta abin da ke shigo maka a wata, abin da ke fita, bashin da ake binka, da kuɗin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar ba tare da gida ya girgiza ba. Wannan adadi na ƙarshe shi kaɗai ne kuɗin hannun jari. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, jarin shago, kuɗin adashin da za ka zuba wata mai zuwa, babu ɗaya da ya shiga. In lissafi ya nuna babu abin da ya rage, ci gaba da karatun, amma sayen ya jira har ka tara abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida.

Mataki na 2: San abin da ya halatta kafin ka so shi

Na sa wannan da wuri da gangan. Mutum yakan ɓata wata biyu yana nazarin kamfani, ransa ya kwanta da shi, sannan ya gano harkarsa ba ta halatta gare shi ba, daga nan sai a fara neman malamin da zai sassauta. Wanda wannan bai shafe shi ba yana iya wucewa mataki na gaba.

Littafin Mufti Taqi Usmani ya yi bayanin hanyoyin ciniki da zuba jari na Musulunci irin su musharaka da mudaraba da murabaha da ijara, amma babin da ya fi shafarka shi ne wanda ya yi magana kan asusun zuba jari da sharuɗɗan sayen hannun jari. A taƙaice: ainihin sana'ar kamfanin ta zama halal, don haka bankin ruwa, kamfanin giya, caca da inshorar da aka saba sun fita. In sana'ar halal ce amma kamfanin yana ajiye kuɗi a banki yana karɓar ruwa, sai ka cire gwargwadon wannan kaso daga ribar da aka raba maka ka bayar da shi.

Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta sa iyakoki da ake aiki da su a ƙasashe da dama: bashin ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye a inda ake ba shi ruwa shi ma kada ya wuce kashi 30, abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na dukkan kuɗin shigarsa. Misali, in kashi 2 na kuɗin shigar kamfani daga ruwan banki ne, aka raba maka ribar naira 50,000, sai ka fitar da naira 1,000.

In wannan lissafi ya yi maka nauyi a yanzu, akwai gajeriyar hanya. Tun 2012 kasuwar Legas ke da jerin kamfanonin da aka tantance bisa Shari'a, mai suna NGX Lotus Islamic Index. Duba sunayen da ke ciki ka zaɓi kamfanin gwajinka daga nan. Ana sabunta jerin lokaci zuwa lokaci, don haka kada ka dogara da wanda ka gani shekara biyu da suka wuce. Maganar zakkar hannun jari kuwa, kai ta wurin malamin da ya san fikihun ciniki, ka tafi masa da lissafinka a rubuce.

Mataki na 3: Lynch, don ka koyi ganin kamfani a bayan lamba

Peter Lynch ya jagoranci asusun Magellan na kamfanin Fidelity daga 1977 zuwa 1990, kuma a tsawon wannan lokaci asusun ya riƙa haɓaka da kusan kashi 29 cikin 100 a shekara. Littafinsa ya fito a 1989. Shi na fi so mai farawa ya karanta kafin Graham, saboda yana da daɗin karatu kuma yana cire tsoro. Hujjarsa ita ce talaka mai lura yana ganin abin da ke tafiya a kasuwa kafin manazartan ofis su gani a takarda. Mai shago a kasuwar Singa ta Kano ya san wace taliya ke ƙarewa da wuri, wane sukari ne dillalai ke rububi, wane kamfani ne ya fara jinkirin kawo kaya. Mai sayar da siminti ya san lokacin da gini ya tsaya.

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Sukan karanta rabin littafin su rufe, su ce Lynch ya ce ka sayi abin da ka sani. Abin da ka gani a shago dalili ne na fara bincike kawai, kuma rabin littafin na biyu a kan binciken yake. Kaya na iya karɓuwa alhali kamfanin na nutsewa cikin bashi, ko kuma kayan da kake gani kashi kaɗan ne na cinikinsa.

Abu biyu za ka kwafa cikin littafin rubutunka. Na farko, rabe-raben kamfanoni guda shida da ya yi: masu tafiyar hawainiya da suka gama girma sai raba riba, manya masu ƙarfi da ke girma a hankali, masu saurin girma, masu bin yanayi, waɗanda ribarsu ke hawa da sauka tare da tattalin arziki, waɗanda suka durƙushe ake sa ran su farfaɗo, da masu ɓoyayyiyar kadara da kasuwa ba ta lura da ita ba. Amfanin rabon shi ne ka san abin da za ka sa rai. Kamfanin siminti yana bin yanayin gine-gine da ayyukan gwamnati. Kamfanin man ja kamar Okomu ko Presco yana bin farashin man ja da canjin dala. Wanda ya sayi mai bin yanayi a lokacin da ribarsa ta kai ƙololuwa, yana ganin ya samu araha, shi ne ya fi kowa shan wuya.

Na biyu, gwajin minti biyu. Kafin ka sayi hannun jarin kowane kamfani, ka iya bayyana wa mutumin gida cikin minti biyu me kamfanin ke sayarwa, me ya sa kake ganin ribarsa za ta ƙaru, da abin da zai iya ɓata lissafin. Rubuta wannan a shafi guda game da kamfanin da ka zaɓa. In bakinka ya tsaya a kan cewa ana ta saye ko wani ya ce zai tashi, ba ka da labari tukuna.

Mataki na 4: Ajiye littattafan, ɗauki rahoton shekara

Wannan mataki ba shi da marubuci sananne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Rahoton yakan haura shafi ɗari, amma ba duka za ka karanta ba, kuma ba daga farko za ka fara ba. Hotunan shugabanni da jawabin shugaban kamfani su jira zuwa ƙarshe.

Fara daga bayan rahoton, inda kamfanonin Najeriya ke sa taƙaitaccen lissafin shekara biyar. Kwafe layuka huɗu da hannunka: kuɗin ciniki, riba bayan haraji, ribar kowane hannu, da dukiyar masu hannun jari. Kwafewa da hannu na sa ido ya ga abin da zai tsallake a waya. Daga nan koma rahoton masu binciken kuɗi ka ga ko sun amince da lissafin ba tare da sharaɗi ba, ko sun yi wata magana kan yiwuwar ci gaban kamfanin. Sai bayanin riba da asara, ka duba nawa kuɗin ruwa da asarar canjin kuɗi suka cinye. Sai bayanin kadara da bashi. Sai bayanin shige da ficen tsabar kuɗi, wanda a ganina ya fi duka gaskiya: kamfanin da ke bayyana riba shekara uku a jere amma tsabar kuɗin da ke shigowa daga sana'arsa ba ta kusanci ribar ba, to kayansa bashi yake bayarwa, ko suna jibge a sito.

Kafin ka rufe, nemi wurin da aka lissafa masu riƙe da kashi 5 zuwa sama, da wurin da aka bayyana cinikin kamfanin da 'yan'uwansa kamfanoni. A kasuwarmu manyan kamfanoni da yawa mutum ɗaya ko gida ɗaya ke riƙe da mafi yawansu. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, amma ya kamata ka san kai ƙaramin abokin tarayya ne, kuma ba kai ke yanke hukunci ba.

Ga lissafin da za ka yi, da lambobin misali. A ce kamfani ya ci ribar naira biliyan 20 bayan haraji, kuma yana da hannayen jari biliyan 10. Ribar kowane hannu naira 2 ke nan. In ana sayar da hannun a kan naira 30, ka biya ninkin ribar shekara sau 15. Wannan shi ne abin da littattafan ke rubutawa P/E. In ya raba naira 1.20 ga kowane hannu, kashi 4 cikin 100 ke nan na kuɗinka, kuma bayan an cire harajin kashi 10 da ake cirewa daga tushe, naira 1.08 ce za ta shigo asusunka. In dukiyar masu hannun jari bayan an cire bashi biliyan 150 ce, kowane hannu na da naira 15 a littafi, kai kuma kana biyan ninki biyu. Maimaita wannan da lambobin kamfaninka na gaske. In kalmomin akanta suna yi maka tarnaƙi, nemi ɗalibin akanta ya zauna da kai yammaci ɗaya, ko ka ari littafin akanta na sakandare. Ya isa wannan mataki.

Mataki na 5: Graham, a hankali

Yanzu ka cancanci wannan littafi. Ya fara fitowa a 1949, kuma Graham shi ne malamin Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, a Jami'ar Columbia. Nemi bugun da ke ɗauke da sharhin Jason Zweig bayan kowane babi, wanda ya fara fitowa a 2003, domin misalan Graham na kamfanonin Amurka ne na shekarun 1960 da farkon 1970, sharhin ne ke kusanto da su. Littafi ne mai nauyi. Yawancin waɗanda suka fara da shi a babi na uku suke ajiye shi, su ce harkar ba tasu ba ce.

Kada ka bi shi a jere. Karanta babi na 1, sai na 8, sai na 20, sai na 14, sannan ka dawo ga sauran. Buffett da kansa babi na 8 da na 20 ya fi nuna wa mutane.

Babi na 1 ya raba zuba jari da caca-cacar farashi. A wurin Graham, abu bai zama zuba jari ba sai an yi masa cikakken nazari, uwar kuɗi na da kariya, kuma ana sa ran riba mai ma'ana. Ya kuma raba masu zuba jari gida biyu: mai kare kansa, wanda ba shi da lokacin bincike mai zurfi, da mai himma, wanda ya mai da abin kamar sana'a. Faɗa wa kanka gaskiya a nan. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke shago daga safe zuwa magariba na gida na farko ne, kuma babu kunya a ciki.

Babi na 8 shi ne na Mr. Market, abokin tarayyar da Graham ya ƙirƙira. Kullum yana zuwa ya faɗa maka farashin da zai sayi kasonka ko ya sayar maka da nasa. Wata rana yana cikin murna ya kira farashi mai tsada, wata rana yana cikin firgici ya kira na banza. Ba dole ka amsa masa ba, gobe ma zai dawo. Karanta wannan babi kana duban tarihinmu. A farkon Maris 2008 ma'aunin kasuwar Legas, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000, cikin shekara guda ya faɗo zuwa wajen 20,000. Mutane da yawa da bashin banki suka sayi hannayen jarin, don haka da farashi ya karye ba su da ikon jira, aka sayar da na hannunsu bashi kuma ya rage a wuyansu. Ma'aunin bai sake taka matsayin 2008 ba sai a 2023, ya kuma haura 100,000 a Janairun 2024. Shekara goma sha biyar ke nan. Wanda ya ci bashi ya saya, ko ya sa kuɗin da zai bukata baɗi, bai ga wannan dawowar ba.

Babi na 20 kan ratar kariya ne. Duk ƙiyasin da ka yi na darajar kamfani zai iya zama kuskure, don haka ka saya ƙasa da ƙiyasin sosai. In lissafinka ya ce hannun ya kai naira 24, kada ka saya a 23. Jira 16 ko 17. In bai sauko ba, ka bar shi ya tafi.

Babi na 14 ya jero sharuɗɗan mai kare kansa: kamfani babba, kadarorinsa na gajeren lokaci su ninka bashinsa na gajeren lokaci sau biyu, riba ba yankewa shekara 10, rabon riba ba yankewa shekara 20, farashi kada ya wuce ninki 15 na matsakaiciyar ribar shekara uku, kada kuma ya wuce ninki ɗaya da rabi na darajar littafi, ko kuma in an ninka lambobin biyu kada su wuce 22.5. Kamfanin misalinmu na sama ya ba da 15 sau 2, wato 30, ya faɗi jarrabawar. Gwada naka.

Mataki na 6: Mayar da lissafin Amurka zuwa na gida

Duk waɗannan marubuta, in ka cire Mufti, don mai dala suka yi rubutu. In ka ɗauki lambobinsu yadda suke, za su ɓatar da kai ta hanya uku.

Hauhawar farashi ita ce ta farko. A Disamban 2024 ta haura kashi 34 cikin 100 a Najeriya. Wanda hannun jarinsa ya ƙaru da kashi 20 a irin wannan shekara, a zahiri abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu da sama da kashi 10. Don haka a lissafin shekara biyar da ka kwafa, tambayar ita ce ko ribar kamfanin ta fi hauhawar farashi gudu.

Ta biyu, ninki 15 na Graham. Ma'anarsa kamfani na samar maka kusan kashi 6.7 na kuɗinka a shekara. A ƙasar da sukuk (takardar zuba jari ta Musulunci da ba ta da ruwa) na farko na Gwamnatin Tarayya, na naira biliyan 100 a 2017, ya biya kashi 16.47 a shekara, ninki 15 ba araha ba ne sai in kamfanin na girma da gaske. Kullum ka gwada da abin da sukuk ke biya a lokacin. Haka kuma inda Graham ya ce a raba kuɗi tsakanin hannun jari da takardun lamuni, kada ɗaya ya gaza kashi 25 ko ya wuce 75, mai gudun ruwa sai ya sa sukuk a gurbin takardun.

Ta uku, canjin kuɗi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Kamfanoni masu ƙarfi irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun bayyana asara a 2023, alhali mutane ba su daina kira ko sayen kayansu ba; nauyin da ke kansu na dala ne ya kumbura. Saboda haka ƙara tambaya ɗaya da babu ita a jerin Graham: nawa ne daga bashin kamfanin da kayan da yake shigowa da su ke bin dala, kuma yana samun dala ta wata hanya? Amsar na cikin ƙarin bayanan da ke bayan rahoton. Mai karatu a Nijar, wanda kasuwarsa ita ce BRVM da ke Abijan, wannan damuwar ta fi sauƙi a wurinsa tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma sauran matakan duka sun hau kansa.

Mataki na 7: Bogle, don ya musa duk abin da ka koya

Bogle ya kafa kamfanin zuba jari na Vanguard a 1975, ya kuma fito da asusun da ke bin ma'aunin kasuwa don talakawa a 1976. Littafinsa na 2007 na cewa yawancin masu zaɓen kamfani ɗaya-ɗaya, har da ƙwararru, ba sa cin kasuwa a tsawon lokaci bayan an cire kuɗin hidima, don haka gara ka sayi kasuwar gaba ɗaya da rahusa ka zauna. Na ajiye shi bayan Lynch da Graham ne saboda a daidai nan ɗalibi ke fara jin kansa.

Yi wannan lissafi da kanka. Naira miliyan 1 da ke ƙaruwa da kashi 10 a shekara za ta kai kusan miliyan 17.4 cikin shekara 30. In kuɗin hidima na cin kashi 2 a shekara, saura 8, za ta tsaya a kusan miliyan 10. A wurinmu ma kowane saye da kowace sayarwa na da kuɗin dillali da na hukumomi, kuma duk suna rubuce a takardar ciniki da dillali ke turo maka. Mai saye yau ya sayar jibi, dillali yake yi wa aiki.

Akwai irin wannan asusu a kasuwar Legas, kamar Vetiva Griffin 30 da Lotus Halal Equity ETF. Sai dai kamfanonin kasuwarmu wajen 150 ne kacal, 'yan ƙalilan manya ne ke jan ma'aunin, kuma cinikin waɗannan asusu ba shi da yawa, wata rana mai saye ko mai sayarwa kan yi wuya. Ra'ayina, mai farawa ya sa mafi yawan kuɗinsa a asusu irin wannan da sukuk, ya bar kaso kaɗan don kamfanonin da ya yi wa nazari da kansa. In littafin Bogle bai samu ba, A Random Walk Down Wall Street na Burton Malkiel, wanda ya fara fitowa a 1973, hanya ɗaya suka bi, sai dai ya fi tsawo.

Mataki na 8: Gwaji a takarda, sannan buɗe asusu

Zaɓi kamfanoni uku zuwa biyar. Kowanne ka ba shi shafi: labarin minti biyu, lambobin mataki na 4, farashin yau, farashin da za ka yarda ka saya, da abin da in ya faru za ka san ka yi kuskure. Sa kwanan wata. Bar shi wata uku, har rahoton wata uku-uku na gaba ya fito, ka gwada abin da ka zata da abin da ya faru. Ribar kamfanin za ka duba, tashin farashi na wata uku ba ya tabbatar da komai.

Sannan ka nemi dillali. Kafin ka tura ko sisi, tabbatar sunansa na cikin jerin masu rajista a shafin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, da na NGX, ko da ta manhajar waya kake mu'amala da shi. Za a nemi BVN, katin shaida, hoto da shaidar adireshi, a buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari ta kasuwar, a ba ka lambar CHN. Ajiye ta da kyau, ita ce shaidar hannayen jarin da sunanka suke. Cike takardar da za ta sa ribarka ta riƙa shiga asusun bankinka kai tsaye. Rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina. Muhammad a banki, Mohammed wurin dillali, Mamman a tsohuwar takarda, wannan na cikin abin da ya sa ribar biliyoyin naira ke kwance ba a karɓa ba. Ka kuma sanar da iyalinka inda takardun suke saboda ranar rabon gado.

Mataki na 9: Abin da zai biyo baya, da abin da za ka ƙyale

In ka kai nan kana son ƙari, wasiƙun da Buffett ya riƙa rubuta wa masu hannun jarin Berkshire Hathaway suna shafin kamfanin kyauta, tun daga ta 1977. Ɗaya a mako ta isa. Common Stocks and Uncommon Profits na Philip Fisher, na 1958, zai koya maka binciken kamfani ta bakin dillalansa da abokan gasarsa da tsofaffin ma'aikatansa, abin da ɗan kasuwar Kano ya iya tun kafin a rubuta shi. Security Analysis na Graham da David Dodd, na 1934, bar shi sai ka yi shekara biyu kana karanta rahotanni.

Rich Dad Poor Dad, wanda kusan kowa ya fara da shi, yana zaburar da mutum, amma ba zai koya maka kimanta hannun jari ko ɗaya ba. Littattafan zane-zanen farashi da na cinikin kuɗin ƙasashen waje wata harka ce daban, kada ka haɗa su da wannan karatu. Duk littafi ko darasi ko rukunin WhatsApp da ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata, tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016 da CBEX a Afrilun 2025.

Yawancin kamfanonin da shekararsu ke ƙarewa a Disamba suna fitar da rahoton da aka bincika zuwa ƙarshen Maris. Ware mako guda a Afrilu kowace shekara: sauke sabon rahoton kowane kamfani da kake riƙe da shi, ƙara sabon layi a ƙarƙashin lambobin bara, sake karanta labarin minti biyun da ka rubuta, ka ja layi a kan duk jimlar da ta daina zama gaskiya. In jimlolin da ka soke sun fi waɗanda suka rage, sayar, ko farashin na sama ko na ƙasa da yadda ka saya.